Tsohuwa a Bangon Shago

Na saye ta ranar gwanjon otal ɗin bakin gada,
jaka goma sha biyu, har da la'adar dillali.
Ni da Bawuro muka turo ta a amalanke,
tsatsa na zuba mana a ƙafa kamar garin barkono.
Lambar bayanta ta ce ta girme ni.
Na ce to, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Muka huda bango ta gabas.
Mai gida ya iso yana salati,
na ce taga ce, Alhaji, kwantar da hankalinka.
Ya ce tagar da ke gurnani?
Ya ƙara mini jaka ɗaya a kuɗin haya.

Wanda bai yi watan huɗu a Garwa ba
kada ya ba ni labarin rana.
Kafin hantsi kwalta ta yi laushi,
Binuwai ta ja zanenta ta bar yashi tsirara,
ni kuwa ina sunkuye kan cikin wayar mutane,
gumi na ɗiga daga haɓata
daidai inda ɗigo ɗaya ke jawo rigima.

In na kunna ta sai ta yi tari sau uku,
ta yi makyarkyata kamar mai masassara,
ƙwan lantarki ya lumshe ido,
mita ta kwasa da gudu kamar an biyo ta bashi.
Sannan sanyi ya zo.
Ba mai yawa ba,
gwargwadon kyautar tsoho mai lissafi.

Duk da haka shago ya cika.
Malam Inuwa ya kawo waya lafiyarta lau,
wai in duba masa, tana ɗan yin wani abu.
Na duba har la'asar. Ya yi barci a benci.

Hamajoda tela ya yo odar sabuwa daga Duwala,
fara sol, da ƙafafun taya,
da dogon hanci da ake zurawa ta taga.
Ana jan ta ɗaki zuwa ɗaki kamar tunkiyar gida.
Wata uku ta yi, ta yi shiru.
Muka buɗe cikinta, ba wanda ya gane yarenta.
Tawa kuwa duk ciwonta na san sunansa:
in ta yi zazzaɓi in wanke mata haƙarƙari,
in ta ƙi tashi in lallaɓa ta da ƙotar sukudireba.

Sai ran nan Inna Dudu mai gyaɗa,
wadda ke zama bayan bangon tun ban zo Yelwa ba,
ta leƙo, ba ta shigo ba, ta ce:
Tanimu, sanyin nan da kake sha,
a bayana ake sauke zafinsa.

Na zagaya na tsaya inda take zama.
Hucin ya mare ni kamar bakin tanda.
Ashe ba kashe zafi take yi ba,
kwashe shi take, ta juye wa na waje,
wanda bai sa hannu a cinikin ba.

Na nemo guntun kwano na lanƙwasa,
hucin ya kama hanyar sama.
Ruwan da take ɗigarwa na tara a gwangwanin madara,
Inna na ba na'a-na'arta da shi.
Ban ce na biya ba. Na dai rage.

Jiya da azahar aka ɗauke wuta.
Tsohuwa ta ja numfashi ta kwanta.
Muka fito duka, ni da tela da Malam Inuwa,
muka tsuguna gindin dalbejiya.
Inna ta matsa mana a tabarma,
ta miƙo mini maficinta
ba tare da ta dube ni ba.