Ofis a Ƙuryar Ɗaki

Ran da kamfani ya ce kowa ya zauna gida
na yi ta lissafi kamar mai jiran rabon gado:
kuɗin adaidaita, Rijiyar Zaki zuwa Bompai, ya dawo aljihu,
shinkafa da waken rana ma haka,
ba cunkoson Kabuga, ba kai riga wurin mai guga.
Raliya tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.
Ta ce, “Bari wata ya mutu tukuna.”

Wata ya mutu, ya bar mini marayu.

Ƙarfe goma ake ɗauke wuta, taro na tsaka,
fuskar oga ta daskare a allo, baki buɗe.
Igiyar janareto sai na ja ta sau bakwai,
ya yi tari, ya miƙe, ya kama zuƙa
kamar raƙumin da ya yi mako bai ga rijiya ba.
Fetur wurin Sagiru ɗan bumburutu:
galan rawaya, mazurari, canji a aljihun gaba.
Data tana zurarewa, ruwa a kwando.
Kujerar roba ta ci mini ƙugu
har na je Sabon Gari na ɗauko mai juyawa,
na biya kemis na haɗo da man zafi.

A Bompai wa ya taɓa tambayar kuɗin sanyi?
Shayin hantsi, takarda, tawada, mai shara.
Shekara takwas ina shan inuwa
ban san wani ke ba bishiyar ruwa ba.

Unguwa kuwa ta gan ni a gida da tsakar rana
ta yanke hukunci: an sallame shi.
Baba Ɗanjuma ya zo jaje,
ya ƙare da in raka shi asibitin Nasarawa
tunda ba abin da nake yi.
Kwamitin yasar kwata, ni. Karɓar kuɗin taransifoma, ni.

Wani ya ce ai haraji na iya sassautawa,
sai na tattara takardu a baƙar leda.
Malam Tasi'u ya gyara tabarau, ya lashi yatsa.
“Ina rasit ɗin fetur?”
“Sagiru ko biro ba shi da shi.”
“Mita da sunan wa?”
“Mai gidan, ya rasu bara waccan.”
“Ɗakin nan, aiki kaɗai ake yi a ciki?”
Na tuna buhun masara a bayan ƙofa,
keken ɗinkin Raliya, katifar baƙi a jingine,
na kalli silin.
Ya ce, “Kai ɗan albashi ne, naka tun a sama ake yanka
kafin ya taɓa tafinka. Koma wa kamfani.”
Kamfani ya ce in koma wa Malam Tasi'u.
Zuwa da dawowa dubu da ɗari biyu,
shi ma ba rasit.

Da can ina tashi daga aiki.
Akwai ƙofa, akwai mai gadi, akwai “sai gobe”.
Yanzu saƙo na shigowa bayan lisha,
ina amsawa da hagu, dama na cikin tuwo.
Nusaiba ta koyi raɗa a gidan ubanta,
ta koyi tafiya a kan yatsu in ta ga abu a kunnena.
Na duba fom ɗin gaba da baya,
ba gurbin rubuta wannan.

Jiya ina tsakiyar taro
takarda ta sulalo ta ƙarƙashin ƙofa,
an yago ta daga littafin lissafi, gefe duk haƙora.
Ta ji mu muna maganar rasit, ashe.
Da fensir: “Abba, bashin wasa kwana tara.”
A ƙasa ta sa hannu, N ɗin a juye.

Na ninke ta biyu na jefa a baƙar leda.
A duk takardun nan
ita kaɗai ce da kwanan wata da sa hannu.