Abin da Sikeli Bai Auna Ba

Sikelin likitar Bukoki ya ce kilo takwas.
Malama Rakiyatu ta ɗiga biro a karne,
layi ya hau sama.
"Lafiyarsa lau. Sai wata mai zuwa."

Amma wata bakwai bayana ke ɗauke da Harisu,
ya san nauyin barci,
ya san nauyin da ba na barci ba.
Kwana biyu bai ja mini kitso ba.
Kuncin hagu kaɗai yake kwantarwa.

Har na kai bakin kwalta, taksi ta tsaya,
na juyo.

Ta yi ɗan tsaki, ta ajiye shayinta,
ta haska kunnen dama.
Shiru.
"Wa ya faɗa miki?"

Na gyara majanyi.
"Bayana, Malama.
Shi dai ba shi da fitila."