Allon da Ke Cikin Bango

Ni ne Evaristo, mai yaɓe,
ɗan unguwar tudu a Valparaíso,
inda gidaje ke hawan kafaɗar juna
don kowa ya leƙa teku.

An ba mu tsohon ginin lissafi na jami'a,
wanda girgizar ƙasa ta kama kokawa da shi sau uku
ta bar shi tsaye, yana ɗingishi.
Katakon benensa, in ji dattawa,
a jirgin ruwa ya zo.
Har yau in iska ta taso daga gaɓa
matakala na kuka, kamar tana son komawa.

Injiniya Maite Quilodrán ta zo da takardu:
a ɗaura wa bango ɗamarar ƙarfe,
a sauya rufi, a ja sabuwar waya,
ɗaki na bakwai a fasa shi, a yi ƙofa.
Na ce to. Cokalin gini ba ya musu da biro.

Ran Laraba guduma ta ji fanko.
Muka ɓamɓare falange,
sai ga baƙin allo, an binne shi da ransa.
Lissafi ya tsaya a tsakiyar layi,
alamar daidai, bayanta babu komai.
Can ƙasa, da alli, rubutu mai rawa:
sunaye goma sha ɗaya,
da shekarar da takalman soja suka hau benen nan.

Aka ɗauko Clorinda, mai sharar wancan zamani,
tamanin da huɗu, tana dogara jikarta.
Ba ta nemi tabarau ba.
Ta ce, "Aníbal. Ina bin sa kuɗin shayi biyu.
Ximena, mai dariya har ta shaƙe.
Su suka koya mini baƙi da dare
in na jingine tsintsiya.
Wannan ne farkon abin da na rubuta
ba wanda ya riƙe mini hannu.
Kafinta na roƙa ya rufe,
kada soso ya kai gare su."

Ba wanda ya yi tari.
Ƙura ce kawai ke sauka a kan hulunanmu.

Maite ta naɗe takardunta.
Washegari ƙofa ta matsa taku uku gabas,
aka sa wa allon gilashi.

Na yaɓe ginin sumul, sama da ƙasa,
amma ramukan ƙusa na gefen allon
na ƙi cikewa.

Yanzu fenti ya bushe, ɗalibai sun dawo
da jakunkuna da wayoyi a kunne.
Jiya na zo ɗaukar tsanina,
na tarar da wata yarinya a gaban gilashin
ta cire murfin biro da haƙori,
tana kwafe lissafin a tafin hannu.