Littattafai Biyu da Ruwa Ya Jiƙa

Ranar da hadari ya taso daga wajen Bantama
ina Kejetiya da yadi shida a hammata.
Mumuni mai tsofaffin littattafai yana kokawa da leda,
iska na ja, shi ma yana ja.
Na ajiye yadina muka kwashe tare.
Ladana littafi biyu, duka a jiƙe.
Ya ce, "Tela, ɗaya magani ne, ɗaya ƙarya ce zalla,
ka sha wanda ka ga dama."

Na shanya su kan keken ɗinki a Aboabo
har suka kumbura kamar burodin Fuseina.

Na farkon bakinsa ba ya gajiya:
tashi da wuri, yi kaza, bar kaza,
sai ka ce kawun da ya dawo daga Turai da kwat.
Na yi dariya. Wanda ya rubuta wannan
bai taɓa ɗinka wa mutum kaftani ba,
ya ce sai bayan Salla,
Salla ta wuce, wata ta zo, ya sake hanya.
Amma can a shafi na arba'in da 'yan kai
wata magana ta maƙale mini kamar ƙayar kifi:
duk sidin da ya fita, rubuta inda ya nufa.
Na sayi ɗan littafi mai jan bango.
Wata guda ina rubutu, ina farautar ɓarawo.
Na kuwa kama shi.
Hulata ce a kansa.
Shayi sau uku a teburin Baba Seidu, katin waya,
da bashin da nake bayarwa don kunyar cewa a'a.
Ashe ɓeran a ɗaka yake kwana,
ni ina waje ina toshe ramuka.

Na biyun bai ce in yi komai ba.
Labari ne kawai: wani direban babbar mota
da ƙaninsa, da fili ɗaya da uba ya bari,
da shekara goma sha ɗaya ba ko sallama.
Na san ƙarya ce. Mumuni ya faɗa mini.
To me ya sa, daren da aka ɗauke wuta,
na zauna da fitilar waya har ƙarfe biyu,
sauro na cin ƙafata ban kore shi ba?
Direban nan ya tsaya a bakin wani gari,
ya sayi lemo bakwai zai kai wa 'ya'yan ƙaninsa,
ya kasa sauka, ya shanye su a mota, ɗaya bayan ɗaya.
Nan na rufe littafin.
Na san ɗanɗanon lemon nan.
Ni ma ina da Isifu a Tamale,
da keken mahaifinmu da na ɗauko ban tambaye shi ba,
wannan dai da nake takawa kullum.

Da na koma in ga yadda suka ƙare,
shafukan ƙarshe babu su.
Ruwa ne ya ci, ko wata ta naɗe gyaɗa a ciki, oho.
Na je wa Mumuni da ƙorafi,
ya ce, "Kyauta kake wa ciniki?"

Kwana uku lambar tana kallona.
Ran na huɗu, bayan la'asar, na danna.
Ta yi ƙara sau biyar.
"Wa ke magana?"
Na ce, "Mai kekenka ne."
Shiru, har na ji akuya na kuka a bayansa.
Sannan ya ce, "Har yanzu yana tsinka zare?"

Yau littattafan suna kan kanta, kusa da almakashi.
Ɗaya ya ƙirga mini aljihu,
ɗayan ban san sunan abin da ya yi ba.
Yaron shagona, Mutaru, ya tambaya wanne zai fara.
Na ce ya gama bakin wandon nan tukuna,
sannan ya ɗauki mara ƙarshen.