Futin a Mai Wurno

Shekara tara Bukhari yana Montiriyal
yana kirana a waya, yana kukan kisira,
kukan miyar busasshiyar kuɓewa, kukan ful da man riɗi.
Ya dawo, kwana sha ɗaya kacal,
sai ga shi bakin angarib ya rafka tagumi,
wai yana kewar wani abu mai suna futin.

Na ce, zayyana min.
Ya ce, dankali, cuku, romo. Abu uku.
Na ce, ai ko ɗan yaye zai iya.
Ya ce, Yaya Ummuhani, duwatsun murhu ma uku ne,
janye ɗaya ki ga inda tukunya za ta kwana.

Dankalin daga kasuwar Sinnar,
mai gari a ciki, ba mai ruwa ba.
Na yanka shi kaurin ƙaramin yatsana,
na jiƙa a ruwan randa har farin ya kwanta ƙasa,
na goge shi tas da tsohon mayafi,
don mai da ruwa ba su haɗa kaka ba.
Suya biyu ake yi.
Ta fari wuta kaɗan, ya nuna ciki bai sauya fuska ba.
A kwashe, ya sha iska.
Ta biyu man gyaɗa na tsalle,
har ya yi ja irin na kogi gab da magariba.

Romon kuwa tun asuba yake kan gawayi:
ƙashin sa, wuyan kaza, albasar da na bari ta kusa ƙonewa.
Man shanu da fulawa a wata tukunya,
ina juyawa, Bukhari na tsaye kaina kamar mai bin bashi,
har suka yi launin soyayyar gyaɗa.
Sannan romo, ludayi ludayi, da masoro.
Kada ya kai kunu, kada ya zama shayi;
ya kama bayan cokali, ya sauka ba gaggawa.

Cuku ne ya ba ni kashi.
Wai sai ya yi kuka a haƙori, ƙii, ƙii,
kamar sabon takalmi.
Farar jibna ta dagargaje, gishiri ya kashe ta.
Mai kitson nan ta kusa, habbatus sauda ta tona mata asiri.
Sai Inna Daso ta zo da madarar safe,
ta saurare mu, ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ɗumama ta, ta ɗiga ruwan tumfafiya,
ta tsame, ta matse, ta gutsuttsura da hannu.
Ta ce, yau za a ci shi. Wanda ya kwana ba ya magana.

Dankali a ƙasa da zafinsa,
cuku a kai, romo yana tururi,
kuma ba a jiran kowa, ko liman ne.

Ya kai loma. Na ji ƙii daga inda nake.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, daren da kika kira kika ce Baba ya cika,
ƙanƙara ta rufe hanya, ba jirgi, ba kuɗin jirgi.
Na shiga wani ɗan shago na zauna.
Tsohuwar ba ta tambaye ni komai ba,
ta ajiye min wannan, ta ƙi karɓar ko sisi.

Na ce, to ya yi kama?
Ya ce, a'a.
Ya side kwanon da yatsa.

Yara sun zazzaga wa nasu shatta,
suna faɗa kan ɓawon da ya maƙale a kasko.
Ran Laraba zai koma.
Na san kafin watan gobe wayar za ta yi ƙara:
Yaya, cukun nan nasu ba ya ƙanshin tumfafiya.