Ba Ja Ba Ne

Littafin ya ce ƙurjin ja ne.
A bayan masuntan Lagdo kuwa
toka-toka yake, wani sa'in kamar nunanniyar ɗinya.
Dakta Dudu ta rufe littafin,
ta ɗauki kyamara.

Shekara goma sha tara
tana ƙirga makero da kyasbi a asibitin Garwa,
ni ke riƙe mata tocila in an ɗauke wuta.
Sau uku mujalla ta dawo mata da aikin.

Yanzu likitocin ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba
suna ambatonta a gindin shafi,
harafi ɗaya a karkace.

Hammadikko bai san wannan ba.
Ya dai daina susa,
yana barci har asuba.