Baƙin Bazara a Bakin Maga

Ana sallame asuba na ɗau littafi,
madubin hangen nesa a wuya, mai ido guda,
ɗayan ya fashe tun shekarar da ruwa ya ci shinkafa.
Jidda, jikata, na biye, fensir a bayan kunne.

Bazara ta tsotse tafkin Maga,
laka ta tsage kamar faso.
Amma gabaruwa na nan,
kyauro na nan a gindin madatsa,
a cikinsu kuwa akwai baƙi.

"Kaka, ai duk ɗaya ne, kalar ƙasa."
A'a, yarinya, dubi girar.
Wannan mai farar gira ce,
ta cika kyauro da surutu
kamar dillaliya ranar kasuwar Pus.
Waccan, a kan magarya, farin maƙoshi gare ta,
tana kumbura shi in ta fusata.

Littafin da Faransanci yake magana,
sunayensa sun ƙi zama a bakina,
sai muka yi musu suna da kanmu,
ba rago, ba goro.

Ta uku ce ta haɗa mu gardama.
Na ce ƙafarta baƙa ce.
Jidda ta karɓi madubin, ta runtse ido ɗaya,
ta daɗe.
"Fara-fara ce, Kaka, kuma fiffiken ya fi tsawo."
Na duba shafin. Ita ce da gaskiya.
Idon shekara saba'in ya ba da gari.

Ba su wuce nauyin kwalin ashana ba,
sai ci suke, tsutsa da ƙwaro,
suna tara guzuri a ƙarƙashin fata.
Wani dare za su tashi, ba sallama,
su yanki Sahara da ƙirji,
ba takarda, ba jandarma, ba kuɗin mota.

"Ta hanyar da Baba ya bi?"
Na yi shiru. Wani masunci na kwance koma.
Na ce, ta nan ne.
"Su kuma suna dawowa?"
Kowace kaka, in an yanke dawa.

Ta lashi bakin fensir, ta rubuta:
Talata, uku, ɗaya mai farar ƙafa.
Sannan ta bar fili a ƙasan shafin.
Ban tambaye ta na wane ne ba.